A riƙa tunawa da sojan ruwan da suka yi yaƙin Bonny

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk ranar 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya, amma labarin sojan ƙasa kawai ake bayarwa, kamar ba a yi yaƙin basasa a ruwa ba.

A ƙarshen Yulin 1967 jiragen ruwan tarayya suka kai dakarun Benjamin Adekunle zuwa Bonny, tashar da ake lodin mai. Can jirgin tarayya NNS Ogoja, ƙarƙashin Akin Aduwo, ya yi arangama da Ibadan, jirgin da Biyafara ta riƙe, ya kuma nakasa shi. Jiya-jiya ma'aikatan jiragen biyu runduna ɗaya suke.

Sojan ƙasa na da ramin ɓuya. Wanda ke ɗakin inji kuwa, zufa na zuba, ƙara ta toshe masa kunne, bai ga abokin gaba ba, sai dai ya ji jirgi ya girgiza, ya ci gaba da duba mai.

Waɗanda suka rage sun tsufa ƙwarai. Don Allah ku tura wakili ya ɗauko labarinsu daga bakinsu.

Naku,
Mai karanta jaridarku, Zariya