Lissafin WAEC da JAMB: yaranmu suna karanta amsa ne kawai, ba sa zama su yi da hannunsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da iyaye da malamai da su kansu ƴan aji shida na sakandare, tunda ga shi lokacin jarabawa ya ƙarato, kowa ka gani riƙe da littafin tambayoyin shekarun baya kamar wani laya.

Ni malamin lissafi ne, ina koyarwa da safe, da yamma kuma ina ɗan yin lesin, kuma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yadda yaranmu suke amfani da wannan littafi. Uba zai ƙoƙarta ya cire kuɗi ya saya wa yaro, littafi ne mai kauri, tambayoyin WAEC da NECO na shekara da shekaru, ga amsoshi a baya. Yaro zai kwanta a kan tabarma ko katifa, ya karanta tambaya, ya juya baya ya duba yadda aka warware ta, ya gyaɗa kai ya ce ai na gane, ya wuce ta gaba. Babu biro babu takarda. A haka zai gama tambayoyin shekara guda cikin dare ɗaya, gobe ya zo yana gaya maka ya gama 2019 saura 2020. Ka rufe littafin ka ba shi tambayar nan dai da ya karanta jiya, ka canja lamba ɗaya kacal, sai ka ga ya tsaya yana cizon biro. Wanda ya zauna a bayan mashin shekara goma ana kai shi kasuwa ai bai iya tuƙi ba, duk da ya san hanya.

Bari in ɗan faɗi yadda takardar take, don iyaye da yawa ba su sani ba, wasu yaran ma sai ranar suke ganewa. Lissafin WAEC kashi biyu ne. Akwai ta zaɓi, wadda yara ke cewa objektif, tambaya 50 cikin awa ɗaya da rabi, wato kowace tambaya ba ta kai minti biyu ba. Sai ta biyu, tiyori, awa biyu da rabi, tambaya 13 za a ba ka, biyar na farko dole ne, sauran takwas ɗin ka zaɓi biyar, ka ga goma ke nan, in ka raba daidai kowace tana da minti 15. JAMB kuwa ta fi tsanani ta wajen lokaci, tambaya 180 cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. In ka lissafa daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. To yaron da bai taɓa ajiye agogo a gabansa ya gwada kansa ba, ta yaya zai san cewa shi minti bakwai yake ɓatawa a kan logaridim ɗaya? A 2025 ma ai mun ji sakamakon da JAMB ta fara fitarwa, sama da mutum miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 ba. Gaskiya ne daga baya hukumar ta amsa cewa an samu matsalar na'ura a Legas da jihohin kudu maso gabas har aka sake wa wasu, amma mu nan ai ba mu da wannan uzurin.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar nuna aiki. Duk malamin da ya taɓa zuwa aikin duba takardun jarabawar WAEC ya san cewa ba amsar ƙarshe kaɗai ake ba maki ba, akwai makin hanya, akwai makin daidaiton amsa, kuma in babu hanyar to na amsar ma yakan tafi. Ɗauki wannan, 2x² − 5x − 3 = 0. Yaro mai kalkuleta irin ta zamani zai danna ya ga 3 da −½, ya rubuta su tsirara ya wuce yana murna. Ɗan'uwansa kuma ya zauna ya rubuta (2x + 1)(x − 3) = 0, ya raba su, ko da a layin ƙarshe ya yi tuntuɓe ya manta alamar ragi, ya riga ya kwashi makin hanya. Shi wancan na farkon zai fito yana cewa wallahi na ci, sakamako ya zo ya ga D7 ko E8 ya ce an zalunce shi, alhali C6 ake nema a ce kana da kiredit. Haka maganar rubuta awo, cm ne ko km ko naira, yara suna ganin ƙaramin abu ne, da kuma saurin taƙaita lamba tun a tsakiyar aiki, an ce ka ba da amsa da lamba biyu bayan ɗigo, kai kuma tun layi na biyu ka mayar da 0.866 ta koma 0.9, to daga nan duk abin da ya biyo baya ya karkace. Irin waɗannan ba a koyonsu da kallo, sai ka yi, wani ya duba maka da jan biro ya zagaye wurin.

Sai matsalar Turanci, wadda a ganina ita ce rabin ciwon namu a nan Arewa. Yaron da ke taya babansa zama a shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari, ka ce masa an sayo atamfa 8,000 an sayar 10,000, kafin ka rufe baki ya ce ribar 2,000 ce. Amma a rubuta masa da Turanci a ce ya nemo ribar kashi nawa ce cikin ɗari, sai ya raba 2,000 da 10,000 ya ce kashi 20, alhali a kan kuɗin saye ake aunawa, 2,000 bisa 8,000, kashi 25. Kuma masu shirya tambayar sun san da wannan, shi ya sa za ka tarar da 20 ɗin tana zaune a cikin zaɓin tana jiransa. Ko tambayar shekaru da ba ta taɓa ɓacewa, uba ya ninka ɗansa sau uku a shekaru, nan da shekara 12 zai ninka shi sau biyu, shekarun ɗan nawa? In na faɗa da Hausa a aji, ana ɗan muhawara sai wani ya ce 12 ne, uban 36. In na rubuta da Turanci a allo sai aji ya yi tsit. Abin da nake sa su yi yanzu, kafin a taɓa lamba, kowa ya juya ya gaya wa na kusa da shi da Hausa me tambayar take so, sannan a rubuta 3x + 12 = 2(x + 12). Wasu malaman suna ganin wannan ɓata lokaci ne ko ma karya dokar makaranta ta hana yin Hausa a aji, ni dai ban ga laifinsa ba, tunda a ƙarshe da Turancin za su amsa.

Akwai kuma wuraren da yara suke gudu gaba ɗaya, su ce Allah ya sa kar ya fito. Beyarin, wato auna kusurwar inda wani wuri yake daga wani, layukan duniya na latitud da longitud, ƙa'idojin da'ira, zane da kamfas da rula, da giraf. Alhali beyarin ɗin nan in ka zana hoton ka gama rabin aiki. Mutum ya yi tafiyar kilomita 3 gabas, ya juya ya yi 4 arewa, nisansa daga inda ya taso 5 ne, kusurwar kuma daga arewa ake fara aunawa a bi hannun agogo, ta ba ka wajen 037°, da lamba uku ake rubutawa. Yaro ba zai zana ba, zai yi ta laluben fomula a kansa. Wani kuma ranar jarabawa ce rana ta farko da ya buɗe mas-set ɗinsa, wato akwatin kayan zanen lissafi, sabo fil, kamfas ɗin ko fensir bai iya ɗaura masa ba, takardar giraf kuwa sai ya ƙirga ƙananan gidajen da yatsa. Hukumar WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba jarabawa, yana nan a shafinta na intanet kyauta, suna faɗin inda ɗalibai suka yi rauni tambaya bayan tambaya, kuma waɗannan wuraren dai su ne suke ta dawowa. Ina mamakin malaman lissafi nawa ne a cikinmu suke buɗe shi.

Ba zan ɗora wa yara laifin duka ba. Aji ɗaya mutum ya fi ɗari, malami ɗaya, ta ina zai duba aikin kowa layi-layi? Wata makarantar ma malamin Fiziks ne ke riƙe da lissafi saboda babu wani. Ga rashin wuta da dare, ga ƴan mata da aikin gida ya sha musu kai daga dawowa makaranta har isha'i. Amma duk da haka akwai abin da ba ya cin kuɗi. Yara huɗu ko biyar su haɗu ranar Asabar bayan Islamiyya, a ɗauki takardar shekara ɗaya, a ba wani babba littafin ya riƙe don kar a leƙa baya, a saita waya awa ɗaya da rabi, in lokaci ya cika a ajiye biro ko an gama ko ba a gama ba. Sai a yi musayar takardu kowa ya duba ta wani. Wanda ya ci tambaya ya tashi ya yi wa sauran bayani. Kowa kuma ya samu ɗan littafi daban da yake rubuta tambayoyin da suka kayar da shi, bayan sati ya sake gwada su ba tare da ya duba ba. Tambaya goma da aka yi haka ta fi ɗari da aka karanta a kwance. Kuma a lura, littattafan nan na kasuwa ba wahayi ba ne, akwai amsoshin da aka buga ba daidai ba, in kun yi ku biyar kun samu abu ɗaya littafi ya ce wani abu, ku kai wa malami kafin ku yarda da littafin.

Masu shirin JAMB kuma don Allah a samu a taɓa kwamfuta kafin ranar, ko a shagon intanet na unguwa ne, ko jarabawar gwaji da hukumar ke shiryawa. Kalkuletar da ke kan allon ƙarama ce, ba irin wadda aka saba da ita ba, dole jadawalin sau ya zauna a ka.

Iyaye, ku ma da naku. Kuɗin da wasu ke tarawa su kai yaro santar da ake cewa ta mirakul, inda ake rubuta amsa a allo, ko a saya masa ekspo, wato satar amsa, a WhatsApp, da an ba malamin lesin rabinsa tun yaron yana aji huɗu da ba a zo nan ba. Yaro ya fito da B3 a lissafi, ya je JAMB inda babu mai rubuta masa a allo ya kasa, ko ya samu shiga jami'a lissafin shekarar farko ya dawo da shi gida. Ba sai kin iya lissafi ba Hajiya, ki ce ya nuna miki takardun da ya ɓata yau, in babu takarda mai zane-zane da gogewa to bai yi komai ba.

Roƙona gare ka Edita, ka ware mana ɗan gefe a jaridar nan duk mako, tambaya ɗaya ko biyu irin na jarabawa, da Turanci yadda za ta fito da kuma bayaninta da Hausa, amsar da cikakkiyar hanyarta sai mako mai zuwa don kar a leƙa. Malamai da yawa za su aiko kyauta, ni ma zan aiko. Ga ta farko ma in za a fara: a aji mai ɗalibai 40, 25 suna yin Fiziks, 18 suna yin Kemistiri, 5 ba sa yin ko ɗaya, mutum nawa ne ke yin duka biyun? A zana da'irori biyun a nuna aiki.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba yaranmu sa'a.

Naka,
Wani malamin lissafi, daga Kano