Masassara ɗaya, biya uku: koke daga fadamar Sakkwato

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin firamare ne, shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki. Yanzu ni ne ma'ajin wata 'yar ƙungiyar manoman fadama da muke da ita a bakin Gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa, kuma littafin rance yana hannuna. Duk wanda ya karɓi kuɗi sai na rubuta dalili a gefen sunansa. Daga Agusta zuwa Oktoba kalma ɗaya ce ke cika mini shafi, wato masassara, wadda wasu ke kira zazzaɓin cizon sauro. Yawanta bai ba ni mamaki ba, mazauna bakin ruwa ne mu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan mutum ɗaya ya dawo sau biyu, wani lokaci sau uku, cikin wata guda, a kan ciwon yaro ɗaya.

Bara abin ya shigo har cikin gidana. Jikata, yarinya 'yar shekara huɗu, ta kwana da zafin jiki da amai. Ubanta ɗan kabu-kabu ne, da safe ya tsaya wani kemis ya ce a haɗa masa magani. Ba a ga yarinyar ba, ba a tambayi nauyinta ba, ba a ɗauki jininta ba. Aka yanko masa ƙwaya uku daga wani kati, aka ce a ba ta ɗaya kullum, aka ƙara da farasitamol da kwalbar maganin ƙwayoyin cuta da wata kwalba wai ta ƙarin jini. Ya biya naira 3,800 ya tafi neman abinci. Jiki ya yi sanyi, muka gode Allah.

Bayan kwana goma zafi ya dawo. Sai aka kira wani mai bin gidaje yana allura. Ya taɓa goshinta ya ce ai tunda an sha maganin malariya bai yi ba, to taifot ne. Allura kwana uku da ledar ruwa ɗaya, naira 9,500. A dare na huɗu yarinya ta fara jijjiga, idanunta suka kakkafe, tafin hannunta ya yi fari fat. Ba zan manta kukan uwarta ba. Muka ɗauke ta cikin daren zuwa asibiti a cikin gari. Nan ne karon farko da wani ya soki ɗan yatsanta ya ɗiga jini a kan 'yar robar gwaji, kuma kafin in gama alwala sakamako ya fito: masassarar nan ce ta farko, ba ta taɓa barin jikinta ba, ta cinye mata jini. Aka yi mata allurar atesunet sau uku cikin awa 24, aka ƙara mata jinin ubanta, aka sallame mu bayan kwana biyar da cikakken katin ƙwaya.

Na zauna na yi lissafi, don aikina ne. Gado da gwaje-gwaje da magani da kuɗin mota da abincin masu jinya sun haura naira 74,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ɗana kuwa ko albashin ba shi da shi. Kwana tara bai hau mashin ba, amma mai mashin yana jiran balas ɗinsa. Tunkiyar da uwar yarinyar ke kiwo don Babbar Sallah ta tafi kasuwar dabbobi ta Kara a farashin mai neman kuɗi da gaggawa. Ni ma na bar ciyawa ta ci mini wani ɓangare na shinkafa, don kwanakin da ya kamata in kasance a gona ina kan benci a barandar asibiti.

Ma'aikaciyar jinyar da ta auna ta ce ta yi mini bayanin da ya hana ni barci. Nauyin yarinyar kilo 14 ne. Yaron da ke tsakanin kilo 5 da 15 ƙwaya ɗaya ake ba shi ta haɗin nan da mutane suka fi sani da Coartem, amma sau shida cikin kwana uku: ta biyu bayan awa takwas da ta farko, sauran safe da yamma, kuma a bi da nono ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓi maganin. Jikata rabi aka ba ta. Kuɗin da aka kashe a kwalaben nan biyu da ba ta buƙata ya isa ya sayi cikakken katin, har ya biya gwajin.

Malam Edita, ƙa'idar nan ba sabuwa ba ce. Tun 2005 Nijeriya ta daina amfani da kulorokwin a matsayin maganin masassara, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka koma haɗin magunguna biyu da ake kira ACT. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba kowa maganin, babba ko yaro. Allura kuwa ta mai tsananin ciwo ce, wanda ke jijjiga ko suma ko ba ya iya haɗiyar komai, kuma ko shi ma dole ya ƙarasa da ƙwaya ta kwana uku. To me ya sa har yau mutum zai shiga shago da ƙafarsa yana hira, ya fito da allurar kwana uku da kuɗinta ya ninka na ƙwaya? Me ya sa ake sayar da Fansidar a matsayin maganin warkarwa, alhali an keɓe irinsa don kariyar mata masu ciki da kuma rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59? Mu a Sakkwato mun san amfanin rigakafin nan, kusan shekara goma ke nan ana kawo mana shi. In aka ci gaba da shan maganin barkatai har ya daina aiki, 'ya'yanmu ne za su rasa garkuwa.

Akwai kuma ɗaya gefen, na wanda ba shi da masassarar sam. Uwargidana ta sha maganin "malariya da taifot" sau uku a shekara guda, kowane karo da kuɗinsa, kafin a gano ciwon mafitsara ne ke kawo mata zafin jiki. Gwajin Widal da ake dogara da shi a ce wa mutum taifot, likitoci da kansu suna faɗin cewa shi kaɗai ba hujja ba ne, amma ya zama hanyar ƙara wa takarda layi uku.

Ba zan ɗora wa masu kemis laifin duka ba, don zalunci ne. A ƙauyukanmu da yawa mai kemis ne kaɗai ke buɗe da dare, shi ne ke ba da bashi, shi ne ya san sunan kowane yaro. Mu ma da namu. Mu ne muke cewa a ba mu na ɗari biyar, alhali mun san kati ya fi haka. Mu ne muke raina ma'aikacin lafiyar da bai yi mana allura ba, mu ce bai san aiki ba, mu koma wurin wanda zai yi. Mu ne muke dakatar da ƙwaya a rana ta biyu don jiki ya yi sauƙi, mu ɓoye ragowar a kwalla saboda ƙanensa. Talauci ne ke sa mu haka, na sani. Amma littafin da ke hannuna ya nuna mini cewa araha ba ta ado, kuma wanda ya fi kowa talauci shi ne ke biya sau uku.

Ka duba lokacin da abin ke faruwa. Masassara tana tashi ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, aikin gona kuma ya fi yawa. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mara lafiya yake fitowa, manomi ba shi da mafita sai ya sayar da dabba ko ya ci bashin da zai biya da hatsi da kaka, a farashin da mai kuɗi ya yanka. Binciken masassara na ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kusan yaro ɗaya cikin uku a jiharmu, a maƙwabciyarmu Kebbi kuwa kusan rabi. Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan rubu'in masu wannan ciwo a duniya. Kowa ya ninka kuɗin jikata da wannan adadi a ransa.

Abin da ya fi ba ni tsoro yana gaba. An riga an tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta fara jure wa sinadarin da ke cikin ACT a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Rabin magani da allura ita kaɗai suna cikin abubuwan da ke koya mata juriya. Na girma lokacin da kulorokwin na 'yan kwabbai ke tayar da mutum daga kwance, kuma a idona ya zama banza. In wannan ma ya bi sahu, wanda zai maye gurbinsa ba zai zo da farashin da ɗan kabu-kabu zai iya ba.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da majalisar da ke ba masu sayar da magani lasisi da su horar da masu kemis yadda ake gwajin nan na ɗan yatsa, a kai musu kayan gwajin da rahusa, a kuma hana yanka kati. NAFDAC ta ƙara wayar da kan mutane game da lambar nan da ake kankarewa a jikin kwali a tura ta waya, don da yawa daga cikin mutanenmu ba su san amfaninta ba. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, SOCHEMA, ta fito fadama ta yi wa manoma rajista, kada ta tsaya ga masu albashi. Limamanmu kuma su ɗauki minti biyu bayan huɗuba su gaya wa magidanta cewa a ƙarasa magani ko da jiki ya yi sanyi.

Mu a ƙungiyarmu mun yanke shawara a taron da ya gabata. Duk wanda ya zo rancen masassara za mu fara ba shi kuɗin gwaji da na mota zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, in ya dawo da takardar sakamako sai a ba shi kuɗin cikakken kati. Wasu sun yi gunaguni, sun ce mun mayar da taimako wahala. Na buɗe musu shafin da sunan ɗana yake, na nuna musu naira 31,000 da har yanzu ake bin sa. Jikata tana nan lafiya, Alhamdulillahi, bana aka sa ta makarantar allo.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin firamare kuma ma'ajin manoman fadama,
Sakkwato.