Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Kan Mary Blair

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga zanen 'yarka da ka turo mini, wanda ka ce malaminta ya kushe saboda ta yi wa sararin samaniya jan launi, ta kuma yi doki kore shar. Tun da na gan shi nake tuna wata mata mai suna Mary Blair.

An haife ta a jihar Oklahoma ta Amurka a 1911, ta koyi zane a makarantar Chouinard da ke Los Angeles, sannan ta shiga kamfanin Walt Disney a 1940. Shekara guda bayan haka ta bi tawagar kamfanin zuwa Kudancin Amurka, inda launukan kasuwanni da na tufafin mutane suka sauya mata hannu baki ɗaya. Daga nan ta daina biye wa launin da ido ya saba da shi, ta koma haɗa launuka masu kaifi a kan siffofi masu sauƙi.

Ita ce ta tsara launi da yanayin finafinan Cinderella da Alice in Wonderland da Peter Pan, waɗanda suka fito tsakanin 1950 da 1953. Abin da ke ci mini rai shi ne, masu zana motsin hotunan sukan rage kaifin aikinta kafin ya kai ga masu kallo, duk kuwa da yadda mai kamfanin, Walt Disney, yake ji da shi. A 1953 ta bar kamfanin ta koma zanen littattafan yara da tallace-tallace.

Sai da aka sake kiranta domin baje kolin duniya na birnin New York a 1964 hannunta ya fito sosai. Ta tsara It's a Small World, inda ake zaga mutane a kwale-kwale suna kallon 'yan tsana sanye da kayan al'adun ƙasashe daban-daban, domin karrama asusun UNICEF. An mayar da shi Disneyland, wurin shaƙatawa na kamfanin Disney, a 1966, kuma har gobe ana shigarsa. A wani otal na Disney da ke Florida akwai katafaren zanenta na tayal mai tsawon ƙafa 90, kuma a cikinsa akwai akuya mai ƙafa biyar, wadda baƙi ke ɗaga kai suna nema.

Ta rasu a 1978, kamfanin bai saka ta cikin gwarazansa ba sai a 1991.

Don Allah ka adana wannan koren doki, ka kuma ƙaro wa yarinyar fenti da takarda. Ka gaishe mini da mahaifiyarta.

Wassalam,
Amininka