Wasiƙa zuwa ga ɗana kan jar fitilar birki da ta ƙi mutuwa

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na samu saƙonka cewa fitilar birki ta kama a motarka ta ƙi mutuwa, har wani ya ce ka rabu da ita tunda motar tana tsayawa. Kada ka ɗauki wannan shawarar. Ka bi abin daki-daki yadda zan tsara maka, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Fara tantance wace fitila ce. Ja mai da'ira da alamar motsin rai a ciki, ko rubutun BRAKE, ita ce ta man birki da birkin hannu. Mai ruwan ɗorawa da aka rubuta ABS daban take: idan ita kaɗai ce, birki yana kamawa, sai dai taya na iya ƙamewa ta ja ƙasa in ka taka da ƙarfi. Idan kuwa su biyun suka kama tare, tayoyin baya na iya kullewa motar ta juya da kai, don haka ba motar hawa ba ce sai an duba ta.

Daga nan sai birkin hannu. Ɗaga shi, ka sauke shi har ƙasa sosai. A gindinsa akwai ɗan suwic, wanda kan maƙale saboda datti ko ya goce daga mazauninsa. Idan kana jijjiga hannun fitilar tana ƙyaftawa, ka samu mai laifi, kuma gyaran ba wani abu ba ne.

In ba shi ba ne, ajiye motar a wuri mai daidai, kashe inji, buɗe bonet. Robar man birki tana ta ɓangaren direba, can baya kusa da gilashi, da layi biyu a jikinta, MIN da MAX. A ciki akwai wani ɗan abu mai yawo a saman mai, da zarar mai ya yi ƙasa sai ya sauka ya kunna fitilar. Shi ya sa wani lokaci take kamawa a kwana ko a gangare, ta sake mutuwa.

A nan ne mutane suka fi kuskure. Suna ganin mai ya ragu sai su cika, fitila ta mutu, su ce an gama. Man birki ba ya ƙonewa kamar man inji. In ya ragu, wani wuri ya je, kuma wuraren biyu ne kawai.

Na farko, fad ɗin birki ya cinye. Yayin da yake siranta, fistan na kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifan taya, yana ƙara fitowa, mai ya bi shi ya cike gurbin, sai na cikin roba ya sauka sannu a hankali. Sabon fad yakan kai milimita 10 zuwa 12. Idan ya dawo 3, canza shi, na tayoyin gaba biyu tare, ko na baya biyu tare. Kada ka cika robar har MAX kafin nan, domin ranar da aka mayar da fistan ciki man zai tumbatso ya zuba, kuma yana cin fentin mota.

Na biyu, yoyo, wanda shi ne abin tsoro. Ka haska tocila a bayan kowace taya. Duba tiyon roba ko ya tsattsage ko ya kumbura, duba bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota ko tsatsa ta ci shi. A tayar baya mai diram, danshi a gindin farantin baya yana nuna silindar ciki ta fashe. Kar ka manta da wurin da masta, wato famfon da ke ƙarƙashin robar mai, ta haɗu da baƙar tukunyar nan da take jingine da ita. Wani sa'in man can ciki yake zuba, ko ɗigo ba za ka gani a ƙasa ba.

Sai gwajin ƙafa. Tayar da inji, taka birki ka riƙe na daƙiƙa 30. Feda mai lafiya za ta tsaya cak. In tana nutsewa a hankali alhali babu yoyo a waje, robobin cikin masta sun gaji. In ta yi laushi, sai ka tattaka sau biyu ko uku kafin ta kama, iska ta shiga layi, a fitar da ita. Ko wanne ka samu cikin biyun nan, ko ka ga mai ya sauka ƙasa da MIN cikin 'yan kwanaki, kira janwe. Ba na son jin cewa ka lallaɓa da ita zuwa gareji.

Idan ƙari ya zama dole, karanta murfin robar, an rubuta irin man da motar ke sha, galibi DOT 3 ko DOT 4. Goge murfin kafin ka buɗe, ka zuba daga sabuwar gora. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da waɗancan. Man inji ko man sitiyari kuwa, ko kaɗan ya shiga zai kumbura duk robobin birki. Man nan yana shan danshin iska: sabon DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, birki ya ɓace maka a doguwar gangara. Saboda haka ake juye shi duk shekara 2.

To in mai a cike yake, feda da ƙarfi, fitila na nan fa? Ƙwanƙwasa robar da yatsa, wataƙila abin nan mai yawo ne ya maƙale. Zare soket ɗin jikinta. A yawancin motoci in fitilar ta mutu, sansar da ke gane yawan mai ce ta lalace. Ka mayar da soket ɗin har a samo sabuwa, kada a bar shi a zare. Sannan ka lura ko fitilar batir ta kama tare da ita, domin a wasu motocin haka suke yi idan altaneta ta daina caji, ba ruwan birki.

Duk ranar da aka canza maka fad, ka tattaka birki har feda ta yi tauri kafin ka sa giya. Ka rubuto mini abin da ka samu.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka