Haba Edita, Hai Kwamishina ba ƙaramin jakada ba ne!

Assalamu alaikum Malam Edita.

Wallahi shirinku na rediyo na daren Talata ya ɓata min rai. Ta yaya mai gabatarwa zai buɗe baki ya ce wai hai kwamishina yana ƙasa da ambasada, wai kamar mataimakinsa ne, kuma baƙon da kuka gayyato ya yi shiru bai gyara masa ba? Haba jama'a!

Na yi shekaru ina aikin akawu a wani ofishin jakadanci, kullum da safe sai na wuce ta gaban allon tagullan nan da ke bakin ƙofa, maigidanmu hai kwamishina ne, tuta a gaban motarsa, in an yi taron jakadu kujerarsa tana layi ɗaya da na ambasadoji, wanda ya riga miƙa takardun kama aiki shi ke gaba, shi ke nan. Matsayinsu ɗaya. Bambancin suna ne kawai: ƙasashen Kwamanwel, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, su 56, in za su tura wa junansu wakili sai su kira shi hai kwamishina. Shi ya sa na Najeriya a Landan ko Accra hai kwamishina ne, na Yamai ko Faris kuwa ambasada. Togo da Gabon ma sun shiga ƙungiyar a 2022, duk da ba Ingila ce ta raine su ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, ɗana da ke shirin jarrabawa yana zaune kusa da ni, ya juyo ya ce "Baba ashe ogan naku ƙarami ne", na yi ta bayani har na gaji amma yaron nan ya kafe shi dai rediyo ta faɗa. Kun ga irin ɓarnar? Sannan kuka cakuɗa shi da shugaban hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda shi ma ake kira hai kwamishina, alhali wancan ba ya wakiltar wata ƙasa. Ko Lugga, Baturen da ya riƙe wannan laƙabi a Arewa daga 1900 zuwa 1906, mulki ya zo yi, ba jakadanci ba.

Af, kuma don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sawa ƙarƙashin magana, mu masu shekaru ba ma jin rabin abin da ake cewa.

Ina jiran gyara ranar Talata, kuma da yaron zan saurara.

Naku,
tsohon akawu mai sauraronku kullum