Gaisuwar Babbar Sallah daga Cleveland, da labarin riga mai jerin sunaye

Cleveland, Ohio
6 ga Yuni, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da Sallah, kai da duk mutanen gida. Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyarmu, ya dawo mana da alhazanmu lafiya. Ka fara karanta wa Hajiya wannan sashen kafin yara su karɓe wayar: lafiyata lau, ciwon bayan nan ya yi sauƙi, ina cin abinci a kan lokaci, kuma jiya na yi azumin Arfa. Ta ci gaba da sa mini albarka.

Mun yi Idi a babban masallacin da ke Parma, a gefen gari. Sahu ɗaya za ka ga Bafalasɗine, ɗan Somaliya, ɗan Pakistan da ɗan Senegal. Da aka sallame rabin jama'a suka ruga wurin aiki, domin Juma'ar nan ba hutu ba ce a Amurka. Ragon ma ban gan shi da rai ba. Kuɗi muka haɗa muka biya a wata gona a wajen gari, gobe za a ba mu naman a kwali. Babu hayaƙin babbakar kai da ƙafa, babu ƙamshin suya daga gidan maƙwabta. Ku ci nawa kason, amma a ajiye wa Gwaggo hanta.

Yanzu ga maganar Auta. Ya cika mini waya da saƙon murya, wai goron Sallarsa shi ne rigar ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garinmu, Cleveland Browns, kuma lallai mai sunan kwatabak a baya, tunda ya gani a bidiyo shi ne gwarzon fili. Auta, gyara zama. Riga za ka samu, amma ba zan zuba dalata a kan sunan kwatabak na Browns ba.

Wasan nan da hannu ake yin sa, mutum 11 kowane ɓangare, kowa da hular kwano. Kwatabak shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari. Koci yana yi masa magana ta wata 'yar rediyo da ke cikin hularsa, shi kuma ya rarraba wa sauran aiki, sannan yana da kamar daƙiƙa 3 ya jefa kafin wasu ƙarti masu nauyin kilo 120 su danne shi. Wasa 17 kacal ake yi a kaka, da can ma 16 ne, don haka kowace faɗuwa tana da zafi. Ƙungiyar da ta dace da kwatabak takan riƙe shi shekara 10 ko 15. Mu kuwa daga 1999 zuwa ƙarshen kakar bara mutum 40 muka gwada. Wani kamfanin talla a tsakiyar gari ya taɓa ajiye mutum-mutumi a tagarsa sanye da riga mai lamba 2. Duk wanda aka sauya sai a soke sunansa a liƙa na sabon a ƙasa, har jerin ya zarce gindin rigar yana reto. Fasinjojin da nake ɗauka sun haddace sunayen nan, har musu suke yi a kan wa ya fi wa lalacewa.

Ba haka abin yake da can ba, shi ya sa tsofaffin garin suka fi kowa jin ciwo. Otto Graham ya yi musu wasa daga 1946 zuwa 1955, kowace shekara sai ya kai su wasan ƙarshe, ya ci kofi 7. Kofinsu na ƙarshe a 1964 ne. Super Bowl kuwa, wasan ƙarshe na cin kofin gasar a yanzu, ba su taɓa buga shi ba. Bayan kakar 1995 mai ƙungiyar, Art Modell, ya kwashe ta ɗungurungum ya kai Baltimore, aka sa mata suna Ravens, kuma ba ta daɗe a can ba ta ɗauki kofi. Har yau in ka ambaci sunan mutumin nan a motata sai fasinja ya ɓata rai. A 1999 aka kafa wa garin sabuwar Browns daga tushe. Wasanta na farko Pittsburgh Steelers suka yi mata 43 da nema, a gida.

Mai riga lamba 2 ɗin shi ne Tim Couch. Kowace shekara ƙungiyoyi kan zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, wadda ta fi rauni ita ke fara zaɓa, kuma a 1999 shi aka fara ɗauka a duk ƙasar. Niyyar ita ce ya zauna a benci ya koya. Bayan dukan nan na Pittsburgh sai haƙuri ya ƙare, aka tura shi fili tun wasa na 2, ga masu tare masa gaba duk tsince-tsince ne daga wasu ƙungiyoyi. A kakar nan kaɗai sau 56 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu. A 2002, a wani wasa da Baltimore, ya bugu a ka yana kwance, wasu 'yan kallon garinsa suka yi ta tafi don za a sa wani. Ya yi magana da 'yan jarida idonsa cike da ƙwalla. Duk da haka a shekarar ya taimaka aka kai zagayen sili ɗaya ƙwale, sai ƙafarsa ta karye a wasan ƙarshe na kaka, wani ya buga a madadinsa. Ya tashi da nasara 22, faɗuwa 37. Ni dai ba na sa shi cikin marasa kirki. Jikinsa aka ƙarar kafin ya san inda kansa yake.

Akwai wanda ake tunawa da shi saboda wanda aka bari aka ɗauke shi. A 2000 Browns suka zaɓi Spergon Wynn a lamba ta 183. A lamba ta 199 New England suka ɗauki Tom Brady, wanda ya je ya ci Super Bowl 7. Wynn wasa 1 ya fara mana, Jacksonville suka yi mana 48 da nema. A 2004 ma aka tsallake Ben Roethlisberger, ɗan jihar Ohio, Pittsburgh suka ɗauke shi, ya shekara 18 yana zuwa yana lallasa mu. An daɗe ana cewa, kuma gaskiya ne a lokacin, ya fi kowane kwatabak na Browns yawan nasara a filin Browns. Charlie Frye shi aka ba ragamar kakar 2007, aka cire shi tun kafin hutun rabin lokaci a wasan farko, bayan kwana 2 aka sayar da shi Seattle. Derek Anderson da ya gaje shi ya haskaka a shekarar, amma a 2009 a Buffalo ya yi jifa 17, guda 2 kawai suka isa hannun mutanensa. Abin dariyar, mu muka ci wasan, 6 da 3.

Sai lamba ta 22, wadda mutanen garin nan suka ɗauka kamar mai baƙin jini. Sau 3 Browns suka zaɓi kwatabak a wannan lambar. Brady Quinn a 2007, ya tafi da nasara 3, faɗuwa 9. Brandon Weeden a 2012, yana da shekara 28, tsoho a wannan harka, domin sai da ya gwada sa'arsa a wani wasan daban. Ranar wasansa na farko, da ake shimfiɗa ƙatuwar tutar Amurka a fili, ya maƙale a ƙarƙashinta sai da ya lalubo hanyar fita, sannan ya je abokan hamayya suka cafe jifansa sau 4. Na ukunsu Johnny Manziel ne a 2014, tauraron jami'a, wanda aka yi ta rububin rigarsa tun bai taɓa ƙwallo ba. Wasan farko da ya fara, Cincinnati suka yi mana 30 da nema. Yawon dare da shaye-shaye suka fi ƙarfinsa, daga baya da bakinsa ya ce ba ya ko kallon bidiyon abokan hamayya, wanda shi ne rabin aikin kwatabak. Nasara 2, faɗuwa 6, aka sallame shi a 2016. Auta, wannan shi ne wanda nake so ka riƙe a ka, tunda na ji labarin lokacin da kake shigowa gida.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne DeShone Kizer. A 2016 ƙungiyar wasa 1 ta ci cikin 16. A 2017 aka ɗauko yaron nan yana da shekara 21, kocinsa na jami'a ma ya faɗa a fili cewa da ya ƙara shekara a makaranta. Aka tura shi fili tun ranar farko, in ya yi kuskure a cire shi, mako na gaba a mayar da shi. Ya fara wasa 15 bai ci ko 1 ba, aka cafe jifansa sau 22, fiye da kowa a gasar. Kakar ta ƙare 0 da 16. A shekarar nan ce Kansas City suka ɗauki Patrick Mahomes, wanda daga baya ya zama babban tauraron kwatabak, suka zaunar da shi yana kallo, wasa 1 tak ya buga. Kun ga bambancin gida. A watan Janairun 2018, cikin sanyin da ke fasa leɓe, magoya bayanmu suka yi jerin gwano suna zagaya filin wasa, wai murnar kakar da ba a ci komai ba. Kocin, Hue Jackson, ya yi alkawarin in aka sake irin ta 2016 zai faɗa tafkin Erie, kuma ya cika, sai dai ya jira ruwan ya yi ɗumi a watan Yuni.

Ra'ayina, Yaya, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum 40 ba za su taru duka su zama ragwaye ba. Daga 1999 Browns ta yi koci 10, ban da na riƙon ƙwarya, kowanne ya zo da tsarinsa da littafin dabarunsa, yaro bai gama haddace wannan ba an kawo masa wancan. Pittsburgh, tafiyar awa 2 da 'yan kai daga nan, koci 3 suka yi tun 1969. Shaidata ita ce Baker Mayfield. Shi ya shigo ana tsakiyar wasa a Satumbar 2018 ya kawo nasarar farko bayan kwana 635. Shi ya doke Pittsburgh 48 da 37 a Janairun 2021, nasararmu ta farko a sili ɗaya ƙwale tun kakar 1994. Ya buga kakar da ta biyo baya da rauni a kafaɗa, wasansa ya ja baya, sai aka yi waje da shi. Ya ratsa ta Carolina, ya ɗan taɓa Los Angeles Rams ta Stan Kroenke, mai Arsenal ɗinka, yanzu yana Tampa Bay ta iyalan Glazer, masu Manchester United ɗin Auta, yana ta zuba wasa. Auta, ka ga ashe akwai abin da mutanen nan suka iya riƙewa.

Wanda aka kori Mayfield dominsa shi ne Deshaun Watson. A Maris 2022 aka ba Houston, ƙungiyar da yake, damarmu ta zaɓen sababbin 'yan wasa a zagayen farko na shekara 3, shi kuma aka ba shi kwantiragin dala miliyan 230 wadda ko ya buga ko bai buga ba sai an biya. Kada ka ce za ka juya ta zuwa naira, kanka zai yi ciwo. A lokacin mata fiye da 20 sun kai shi ƙara a kan zargin rashin ɗa'a, ba zan fayyace ba tunda Hajiya na kusa. Ya musanta, aka sasanta yawancinsu a wajen kotu, hukumar gasar ta dakatar da shi wasa 11. Na ɗauki mata da yawa da suka ce mini daga ranar suka daina kallon Browns. A kaka 3 wasa 19 ya buga. A Oktoban bara jijiyar agararsa ta tsinke, kuma wasu 'yan kallo suka sake yin tafin nan da aka yi wa Couch, abin da ban ji daɗinsa ba ko da wa aka yi wa. Bana mai ƙungiyar, Jimmy Haslam, ya yarda a gaban 'yan jarida cewa cinikin ya faɗi. In ka tambaye ni wa ya fi kowa a jerin, shi ne. Su Kizer yara ne da aka tura ba shiri. Wannan kuwa gwani ne aka saya da tsada, aka jinginar da shekarun gaba a kansa.

Bara wasa 3 muka ci cikin 17. Yanzu mutum 4 ke neman gurbin: Joe Flacco mai shekara 40, wanda ya taɓa ceto mu a ƙarshen 2023, da Kenny Pickett, da yara 2 da aka zaɓo a Afrilu, Dillon Gabriel da Shedeur Sanders. Gidajen rediyo sun riga sun naɗa Sanders sarki, rigarsa na tafiya kamar me. Ni na ce sai na ga Disamba.

Don haka, Auta, zaɓi biyu gare ka. Ko lamba 95 ta Myles Garrett, wanda aikinsa shi ne kayar da kwatabak ɗin wasu, ko lamba 85 ta David Njoku, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne daga ƙasar Ibo, har an taɓa yi masa sarauta a garinsu. Ka turo mini wadda kake so da girman rigarka, ba girman da kake fatan kaiwa ba.

Yaya, kuɗin da na turo ranar Talata, a cire na maganin Hajiya tukuna, sai na takin gona, abin da ya rage a raba wa yara goron Sallah. Ka gaya mini ko ruwa ya zauna har an yi shuka. Akwai wani ɗan'uwa da zai taso daga gida ƙarshen wata, a ba shi kuka da yaji da kuɓewa busasshiya. Kada a sa kilishi, ma'aikatan filin jirgi ƙwacewa suke yi. A gaida Kawu da iyalinsa, da Malam, da matarka da yara, a kuma je a yi wa Baba addu'a a madadina.

Wassalam,
Ƙaninka da ke Cleveland