Ziyarar 'yan kwanaki ba ta isa auna ingancin jami'a ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan yadda ake tantance kwasa-kwasan jami'o'inmu, lamarin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda aka kafa a 1962, ita ke aika tawagar farfesoshi su duba yawan malamai da zurfin karatunsu, da manhaja, da ɗakin karatu, da ɗakunan gwaje-gwaje. Kwas ɗin da ya cika sharuɗɗa yakan samu cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, wanda ya ɗan gaza kuma a ba shi ta wucin gadi. A takarda tsarin ba shi da aibu.

Sai dai a jami'ar da na koyar, wadda ba zan ambaci sunanta ba, na ga yadda ake tarbar baƙin. Ana saura mako guda su iso aka aro na'urorin hangen ƙwayoyin cuta daga wata makaranta, aka shafa wa bango fenti, aka kuma cusa sunayen malaman da ba su taɓa taka ajinmu ba cikin jerin ma'aikata. Baƙi na juya baya, motar da ta kawo kayan ta dawo ta kwashe su. Kwas ya samu amincewa, ɗalibai kuwa suka ci gaba da zana hoton na'urar a littafi maimakon su leƙa cikinta. Har yau abin yana damuna, domin ni ma na yi shiru a lokacin.

Haka kuma babu ma'aunin da ya nuna ɓarnar yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, na wata takwas a 2022, bayan an dawo an cusa karatun zango guda cikin 'yan makonni. Takardar shaidar ɗaliban da yajin ya shafa iri ɗaya ce da ta kowa.

Don haka ina kira ga hukumar da ta riƙa kai ziyarar ba-zata, ta zauna da ɗalibai ba tare da shugabannin sashe a wurin ba, ta kuma buɗe takardun jarrabawa ta ga abin da aka bai wa maki. Sannan a wajabta wa kowane sashe bin sawun waɗanda ya yaye bayan sun gama bautar ƙasa, a tambayi asibitoci da makarantu da kamfanonin da suka ɗauke su ko sun iya aikin, a buga sakamakon inda uba zai gani kafin ya saya wa ɗansa fom ɗin JAMB.

Naka,
Wani malamin jami'a mai ritaya